Shanye-Rijiya

Wuta ta ɗauke a Zango tun bayan isha'i.
Muka shimfiɗa tabarma a ƙofar Kiyari tela:
cocila ɗaya, butar shayi,
ƙwayar ludo mai tsaga a gefe,
da taswirar da na zana a bayan takardar siminti.
Yau ni ke riƙe da labari. Ku matso.

Kun bar Tanut da kwana tara, na ce,
salka ta bushe, raƙumanku sun fara kallon juna.
Sai ga tudu inda jiya babu tudu.

Ba tudu ba ne. Numfashi yake yi.

Shanye-Rijiya, ƙanen fari, wan ƙishirwa,
baƙon da ba ya sallama, na bayan Damargu!
Doronsa duwatsun Birni ne an ɗora wani kan wani,
irin waɗanda muke hawa muna yara
mu hango hayaƙin masu tsire a kasuwar Dole.
Tsakanin haƙarƙarinsa gawo ya tsiro har ya tsufa,
shamuwa ta yi sheƙa ba ta san a kan wa take ba.
Ƙafa shida, kowace ta fi rumbun gero kauri.
Ba shi da ido. Me zai kalla a can?
Da harshe yake jin ruwa,
ko gaba arba'in ne ƙarƙashin rairayi
zai zura, ya tsotse,
ya bar wa makiyayi guga da igiya.
Inda ya tsuguna kuwa, nan ake haƙar kanwa.

Kiyari ya ce shi barde ne mai takobin Abzin.
Ya hura wa ƙwaya iska, ya jefa. Biyu.
Takobinka ya karye, na ce,
kamar allurar kekenka ranar jajibiri.
Aka kwashe da dariya. Shi bai yi ba.

Ma'azu mai gyaran waya, boka ne a wasan,
komai nasa sai da lissafi.
Na ce rai dubu uku, fata ba ta jin kibiya,
wuta kuwa, ai a cikinta ya girma.
To ta ina ake kashe shi?
Na kurɓi shayi a hankali,
don wannan ban rubuta shi ba tukuna.

Daga bakin zaure Fannata ta ce a ba ta ƙwayar.
Jarkokinta shida na jere jikin bango,
kwana uku ko ɗigo.
Ba ni da takobi, ta ce, ba ni da laya,
tambayarsa kawai zan yi:
duk ruwan nan da ka sha, ina ka kai shi?
Ta jefa ba tare da ta zauna ba.
Shida.

Doka doka ce, dole dodo ya amsa.
Na kumbura murya, na rasa ta cewa,
sai na ji bakina yana faɗin:
cikina rariya ne, yarinya.
Abin da na sha da asuba ya zurare kafin azahar.
Ni ma layi nake bi,
sai dai nawa babu kowa a gaba, babu kowa a baya.

Ba wanda ya yi dariya.
Ma'azu ya ajiye biro.

Can sai famfon kan kwana ya yi tari,
ya sake yi, kamar tsoho zai tashi sallar dare.
Ruwa! in ji wani daga cikin duhu.
Barde ya sunkuci jarka biyu,
boka ya zura da takalmi wari ɗaya,
Fannata ta riga kowa.

Aka bar ni da shi a kan takarda,
ƙato, mai ƙafa shida, bakinsa a buɗe.
Na tsiyaya masa guntun shayin da ya rage.
Kafin in ɗaga cocila
ya shanye.